Kana son mastar a waje? To fara da takardunka tun yanzu

Tun da na dawo hutu Tawa kusan kullum sai wani ya tare ni a fada ko bayan sallar la'asar, yaya don Allah ya kuka yi kuka samu burs ɗin nan, ni ma na gama lisans ina zaune. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ana zuba shayi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Abin da na fi so ƙannena su ji shi ne, yawancin waɗanda na gani sun rasa mastar a waje ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wallahi wasu sun fi mu maki nesa ba kusa ba, takarda ce ta kayar da su, ko lokaci ya ƙure musu suna ta yawon legalize.

Saboda haka in kana son tafiya a watan Satumba na baɗi, aikinka ya fara a Satumban bana. Shekara guda cur. Yawancin burs ana buɗe su tsakanin Oktoba da Fabrairu, wanda ya farka a Maris sai dai ya jira wata shekara.

Abu na farko, ɗauko duk takardunka ka shimfiɗa su kan tabarma ɗaya: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, diplom ɗin bak da makinsa, releve na shekara uku na lisans, atestasiyo ko diplom ɗin lisans ɗin, da fasfo in kana da shi. Ka karanta sunanka a kowace harafi bayan harafi. Ni nan na sha wuya. A takardar haihuwata an rubuta sunana da harafin "a" biyu, a ta bak an jefar da ɗaya, kuma sunan tsohona a wata takardar shi ne gaba a wata shi ne baya, ni ban taɓa kulawa ba tunda a gida kowa ya san ni ne, sai ranar da imel ya zo daga jami'ar da na nema cewa takardun nan kamar na mutum biyu ne, a ba su bayani cikin kwana goma. Ina Yamai, takardar asali tana ƙauye cikin akwatin inna, sai da aka sa ta a motar kasuwa zuwa Tawa sannan aka ba wani direban bas, ina tsaye a tasha tun asuba ina jira, ta iso kwana na sha ɗaya. Shekarar ta wuce ni haka nan. Mu da ake rubuta mana Mahamadu yau gobe Mahaman jibi Mohamed, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka ranar haihuwa, da yawa cikinmu takardar kotu gare mu wadda aka sa shekara kawai babu rana babu wata, a fasfo kuma sai a sa 1 ga Janairu, to duk fom ɗin da za ka cika abin da ke cikin fasfo shi za ka bi, kar ka sa ranar da inna ta ce maka. In akwai saɓani je ka kotu ka nemi takardar da ke shaida mutum ɗaya ne, tun ba ka buƙace ta ba.

Fasfo kuma ka yi shi da wuri, kar ka ce sai an ɗauke ni. Wasu fom ɗin ba ka ma wuce shafin farko sai da lambar fasfo.

Releve ɗinka ka karɓo na kowane zango, duka shida, da hatimi da sa hannu. Tsarin LMD, wato lisans, mastar, doktora, da muke bi a Jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani nan Tawa da sauransu lisans kiredi 180 ne, mastar 120, kuma Turai haka suke lissafi, to wannan ya sauƙaƙa mana, amma suna so su ga kiredin a rubuce. In diplom na ainihi bai fito ba atestasiyo tana shiga a wurare da yawa, ka dai karanta sharaɗin kowace jami'a. Ka yi kofi da yawa ka kai meri ko komisariya a legalize, wasu ƙasashen kuma sai ma'aikatar harkokin waje ta ƙara nata hatimin. In da Ingilishi za a yi karatun sai an fassara takardun wajen mai fassara da kotu ta rantsar, ba abokinka da ya yi karatu a Gana ba ko da ya fi mai fassarar iyawa, hatimin suke dubawa. Kasiye judisiyer kar ka yi gaggawarsa, wata uku kawai yake aiki, sai an nema. Daga nan ka je siber mai na'ura mai kyau a yi maka sikan na komi da kala, kowace takarda PDF ɗinta daban da suna mai ma'ana, ka aje a imel da kile USB da waya. Hoton da ka ɗauka da salula kan darduma yatsanka na fitowa a gefe, don Allah bar shi.

Yanzu ina za a nema. Yayyenmu Faransa suka sani, Campus France, ofishin da ake bi don zuwa karatu can, shi ke nan. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka ta lalace, ambasad ɗin Faransa a Yamai ta rufe a farkon Janairun 2024, hanyar ba kamar da take ba, wanda ya ɗora duk burinsa can zai iya daɗewa yana jira. Ƙofofi suna nan da yawa. ANAB, hukumar burs ta ƙasa, ita ke fitar da sanarwar burs ɗin da ƙasashe ke ba Nijar ta hanyar gwamnati, irin su Maroko da Aljeriya, ka riƙa leƙawa da kanka kar ka jira a turo maka a gurup. Ta Turkiyya, Türkiye Bursları, wadda ni na bi, kai tsaye ake nema ta intanet kuma kyauta ne, galibi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, mastar sai wanda bai kai shekara 30 ba kuma suna neman maki kashi 75 cikin 100, suna biyan makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da ɗan kuɗin wata, amma ka sani shekarar farko ta koyon Turkanci ce, mastar ɗin shekara biyu zai zama uku. Akwai Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, kana karatu a ƙasa biyu ko fiye, Yuro 1,400 a wata, gasar tana da zafi amma ɗan Nijar yana da damar nema kamar kowa. Akwai DAAD ta Jamus, shirinsu na ƙasashe masu tasowa yana neman shekara biyu ta aiki bayan lisans. Akwai ta gwamnatin Sin, akwai ta Bankin Musulunci na Jidda tunda Nijar mamba ce.

Kuma ni ban ga dalilin raina Afirka ba. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar ruwa da makamashi a Tlemcen ta Aljeriya, ta kimiyya da fasaha a Kenya, ta kimiyyar rayuwa da ƙasa a Ibadan, ta mulki da zamantakewa a Yawunde, kuma burs ce cikakkiya, maza har shekara 30 mata har 35. Masu lissafi akwai AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, a Senegal da Ruwanda da Gana da Kamaru. Wanda ya karanta ruwa a Tlemcen ya dawo Ader ni a gani na ya fi amfani da wanda ya tafi ko'ina don dai a ce ya tafi Turai. Ka zaɓi huɗu ko biyar da suka dace da abin da ka karanta, ka rubuta ranar rufewar kowace a jikin bango, kar ka watsa dosiye talatin iri ɗaya.

Harshe. Mu da muka yi lakwal da Faransanci nan ne muke jin tsoro, alhali mafi yawan burs masu tsoka da Ingilishi ake yi. IELTS ko TOEFL suke nema, mastar da yawa 6.5 a IELTS, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki. Jarrabawar tana da tsada sosai, kar ka shiga don gwaji, ka ba ta wata shida kana saurare kana rubutu kullum ko minti talatin ne. Wasu jami'o'in suna karɓar ta Duolingo da ake yi a gida da kwamfuta kuma ta fi araha, ka duba ko taka tana ciki kafin ka biya. Masu zuwa inda ake Faransanci su ma su duba, akwai inda za a ce sai jarrabawar Faransanci ta TCF ko DELF B2 duk da kai da shi ka yi karatu tun firamare.

Sai wasiƙar dalili, letir de motibasiyo, nan nake so mu daɗe. Na karanta na yara sun fi ashirin, kusan duka bakinsu ɗaya: tun ina ƙarami nake son ilimi, ƙasarku mai girma ce, ƙasata matalauciya ce ku taimake ni. Ƙanena, mai karantawa ya ga irin wannan ɗari kafin taka, kuma ba sadaka suke rabawa ba, mutumin da ya san abin da yake nema suke so. Wani yaro da ya yi agronomi ya kawo mini tasa haka, na ce aje biro, gaya mini mi babanka ke nomawa. Ya ce albasa, wajen Galmi. Na ce mi ke ba shi ciwon kai. Sai yaro ya buɗe baki, yadda kowa ke girbi lokaci ɗaya kasuwa ta cika farashi ya faɗi, wanda ya zuba a rudu don ya jira tsada kuma in damina ta shigo ya buɗe sai ya tarar wani kashi ya ruɓe, warin ma tun daga ƙofa, yadda shi da ƙannensa suke zama suna tsince mai kyau da hannu. Na ce to wannan ita ce wasiƙarka. Ka fara da rudun babanka, ka faɗi abin da ka karanta a lisans da ya shafi ajiyar amfanin gona da abin da ka yi a memuwar ɗinka, ka kira sunan darasi biyu ko uku da ke cikin mastar ɗin nasu waɗanda za su ba ka abin da ka rasa, wannan ke nuna ka karanta shafinsu da gaske, sannan ka faɗi abin da za ka yi in ka dawo, ƙarami wanda za a iya yi, ba zan kawar da yunwa a Afirka ba. Ɗan Keita yana da labarin aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya tashi yana ganin ganuwar dutse da rabin wata a gonaki, wa zai faɗa masa zaizayar ƙasa. Shafi ɗaya ya isa, in sun ba da adadin kalmomi kar ka wuce. Kuma kowace jami'a da tata wasiƙar, na ga wanda ya tura wa Jamus wasiƙa da sunan jami'ar Beljiyam a ciki. Ka ba wani ya gyara maka harshe, amma kar a rubuta maka, ranar intabiyu za a gane.

Wasiƙar shaida ta malamai biyu ake so galibi, wanda ya duba memuwar ɗinka ya fi kowa. Ka je da ƙafarka ka gaishe shi, Malam ina neman alfarma, ka ba shi CV da bayanin shirin da ranar rufewa, aƙalla wata guda kafin lokaci. Wasu jami'o'in su ke tura wa malamin imel kai tsaye ya cika da kansa, to ka tabbata adireshin da ka ba su wanda yake buɗewa ne, ka kuma tuna masa cikin ladabi.

Ranar turawa kar ta zama ranar ƙarshe. Shafin yakan cushe, intanet ya yi nauyi, kuran ya ɗauke. Sannan ƙarfe 12 na dare da suka rubuta agogonsu ne, Turkiyya tana gabanmu da awa biyu. Ka tura saura mako guda. In an kira ka intabiyu ta bidiyo, wanda sau da yawa yake faɗowa cikin zafin Afrilu da Mayu, ka cika batir, ka sayi forfe a layi biyu, ka samu ɗaki shiru, ka sake karanta wasiƙarka don daga cikinta za su tambaye ka.

Maganar ƴan tsakiya. Duk wanda ya ce turo jika ɗari uku in samo maka burs, yana da mutum a ambasad, ka riƙe kuɗinka. Burs ɗin da na lissafa babu wadda ake sayarwa, kuma takardar bogi ɗaya in aka kama ta, ta banki ce ko ta admisiyo, tana iya rufe maka biza shekaru. Na san gidan da aka sayar da bijimi biyu saboda irin wannan, har yau in na tuna raina yana ɓaci.

In admisiyo ka samu babu burs, ka yi lissafi da idon basira kafin a fara barka. Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta, amma biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, a 2025 Yuro 11,904 ne, a canjin sefa 655.957 ya haura miliyan 7 da jika ɗari takwas. Aikin ɗalibi yana rage zafi amma ba ya ɗaukar mutum gaba ɗaya, ballantana watannin farko da ba ka san gari ba. Ke kuma ƙanwata, maganar gida ki fara ta da wuri, ki nuna wa baba da inna takardun da inda za ki zauna, ki haɗa su a waya da wata ƴar Nijar da ke can, kar sai tikiti ya zo a fara shawara.

Biza kuma ka bincika ko ƙasar tana bayarwa a Yamai, wasu sai ka je wata ƙasa maƙwabciya, wannan kuɗin mota ne da masauki da ya kamata ya shiga lissafi, kuma ka nemi randebu ranar da takardar ɗauka ta shigo. Ka yi allurar shawara ka karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa. Ranar tafiya duk takardun asali, diplom da releve da ta haihuwa da wasiƙar jami'a da ta burs, su zauna cikin jakar hannu tare da hoto ƙanana kamar goma da ɗan kuɗin da zai riƙe ka wata guda, don kuɗin burs na farko yakan yi jinkiri sai ka yi rajista ka buɗe asusun banki a can.