Ga ƙannenmu kanikawa da masu walda da suka sauka Jamus

Juma'ar da ta wuce wani yaro ya tare ni a bakin masallaci nan Hambug. Ya yi shekara tara yana kanikanci a Panteka ta Kaduna, ya ce injin Golf ko ido rufe zai sauke ya mayar, amma gareji uku sun sallame shi. Na ce, "Ƙanina, ina takardarka?" Sai ya buɗe mini tafin hannunsa. Ni ma abin da na yi ke nan lokacin da na zo.

Koyon sana'a a nan sunansa Ausbildung. Na gyaran mota shekara uku da rabi ne, wasu kwanaki a gareji, wasu a makaranta, kuma ana biyan ka. A 2025 mafi ƙarancin albashin shekarar farko Yuro 682 ne. Ana farawa a Agusta ko Satumba, don haka tun cikin hunturu ake neman wuri. Jamusanci kuwa ka kai B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, tukuna, in ba haka ba makarantar za ta kayar da kai, ba sifana ba.

Inda na sha wuya shi ne takardu. Tun 2012 akwai dokar da ta ba ka damar kai shaidar sana'arka ta gida wurin Handwerkskammer, majalisar masu sana'o'in hannu, su auna ta da tasu. To me zan kai? Ranar da ogana ya yaye ni, an yanka rago, an yi addu'a, an ba ni akwatin kayan aiki, shi ke nan. Ba hatimi, ba kwanan wata. Sai da na yi wata goma sha huɗu ina bugun waya gida kafin na sami wasiƙa, ita ma aka dawo mini da ita don ba ta faɗi shekarun da na yi da irin ayyukan da na koya ba. Aka sake rubutawa, na biya rantsattsen tafinta ya fassara, sannan aka ga sunana a ciki Muhammadu, a fasfo Mohammed. Allah ya jiƙan ogana, kafin a gyara ya rasu. Da mutum yana da takardar Trade Test ko ta NABTEB, wato jarrabawar sana'a ta Najeriya, da tuni ya yi nisa. Wanda ya yi karatun amma takardunsa suka ɓata, ya tambayi Qualifikationsanalyse, inda ake sa ka yi aiki a gaban ƙwararru.

Masu walda, ku naku da sauƙi: jarrabawar walda mai suna ISO 9606 a cibiyoyin DVS, ƙungiyar walda ta Jamus. Amma waldar ƙofa da taga daban, ta bututu daban, kowace da shaidarta, kuma duk wata shida sai an sa hannu cewa kana kan aikin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu zarcewa titin Billstrasse na nan Hambug lodin kwantena da gyaran mota a ɓoye don kuɗin hannu. Ranar da jami'an Zoll, wato kwastan, suka dira, wanda ya kai ka ba zai san ka ba. Alhali 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi da suka taso a Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, akwai waɗanda suka daure har suka zama Meister, matsayin da ke ba mutum damar buɗe garejin kansa.

Yaron nan dai na sa ya kira ogansa a gabana, ya nemi wasiƙar shaida. Ogan ya ce sai ya sami mai buga masa a kwamfuta. Na karɓi wayar na karanta masa sunan harafi-harafi, yadda yake a fasfo.