Shawara ga masu kai ɗalibai bikin Cervantino a Meziko

Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Duk mai shirin kai ɗalibai garin Guanajuato, bikin Cervantino na wasan kwaikwayo da kaɗe-kaɗe a watan Oktoba ake yin sa, tun 1972. Ku kama masauki da wuri, don garin cika yake yi maƙil.

Abin da na fi so in ja kunnenku a kai shi ne takalmi. Turawan Sifen ne suka gina garin saboda ma'adinin azurfa, lungunansa matsattsu, ga hawa da gangara a kan duwatsu. Wata ɗalibata ta je da takalmi mai tsini, kafin la'asar a hannu take riƙe da shi. Ga tsayin wurin ya kai kusan mita 2,000, numfashi kan yi wuya ranar farko, dare kuma da sanyi, kowa ya ɗauki rigar sanyi.

Motoci da yawa ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suke bi, a lungunan sama kuma yaro na iya ɓacewa nan da nan. Ku tsayar da mahaɗa guda, kamar matakalar gidan wasan kwaikwayo na Teatro Juárez.

Ziyarar garin San Miguel de Allende da ke kusa kuwa, yini ɗaya ya isa a je a dawo a bas, ku tafi da sassafe.