Yadda ake auna lokacin da kod ke ɗauka kafin ya gama aiki

Idan manhaja ta fara nauyi, mai rubuta kod yakan ɗora laifin a kan sashen da ya fi ba shi wahala wajen rubutawa. Sau da yawa ba nan matsalar take ba. Don haka kada ka taɓa ko layi ɗaya sai ka auna. Da Python zan kawo misalai, amma hanyar ba ta canjawa a sauran harsuna.

Fara da awon shirin gaba ɗayansa. A Linux ko macOS, buɗe tagar umarni ka rubuta:

time python shiri.py

A Linux yawanci lambobi uku za su fito: real, user da sys (a macOS kana iya ganinsu da sunan total, user da system). Na real shi ne lokacin da ya wuce a agogon bango. Na user shi ne wanda furosesa, wato sashen kwamfuta mai yin lissafi, ta kashe a kan kod ɗinka, na sys kuma wanda ta kashe a ayyukan da tsarin kwamfutar ya yi a madadinsa. A nan ake samun haske na farko. Ce real ya nuna daƙiƙa 10, amma user da sys a haɗe ba su wuce daƙiƙa 1 ba: shirinka ba lissafi ne ya yi masa yawa ba, jira yake yi, ko dai na intanet, ko na faifan ajiya, ko na rumbun bayanai. Gyaran lissafi ba zai tsinana maka komai ba a nan.

Sai ka matsa kusa, ka sa agogo a gaba da bayan sashen da kake zargi:

import time
fara = time.perf_counter()
tace_bayanai()
print(time.perf_counter() - fara)

Kada ka yi wannan da time.time(). Shi agogon kwanan wata yake karantawa, kuma kwamfuta kan daidaita shi da na intanet ba tare da ta gaya maka ba, ya yi gaba ko ya koma baya ana tsakar awo. Shi kuwa perf_counter, wanda ya shigo tun Python 3.3 a 2012, ba ya komawa baya. Takwaransa a JavaScript shi ne performance.now(), a Java kuma System.nanoTime().

Awo ɗaya ba awo ba ne, kuma wannan ne wurin da na fi so a kula. Kwamfuta tana wasu ayyuka a bayan fage, sannan zagayen farko yakan fi jinkiri domin ba a riga an ɗauko bayanai an ajiye kusa da furosesa ba. A Java da JavaScript abin ya fi tsanani, tunda injin da ke gudanar da shirin yakan sake fasalin kod yana cikin gudu, sai ya yi ɗumi yake nuna ainihin saurinsa. Idan ɗan guntun kod ne, bar wa timeit, kayan awon lokaci na Python, aikin:

python -m timeit -s "x = list(range(100000))" "99999 in x"

Zai maimaita layin sau da yawa a zagaye biyar, ya ba ka sakamakon zagayen da ya fi sauri. Da gangan ake ɗaukar mafi ƙanƙanta: duk abin da ya ƙaru a kai yawanci katsalandan ne daga wasu shirye-shirye. Yanzu sauya list da set ka sake gwadawa. Na farko sai ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, na biyu kai tsaye yake zuwa. Tazarar za ta ba ka mamaki.

Idan kuma ba ka ma san inda za ka zarga ba, kira cProfile, kayan aikin Python mai auna kowane sashe na shiri:

python -m cProfile -s cumtime shiri.py

Zai jero kowane fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki. Duba ncalls, wato sau nawa aka kira shi. Tottime lokacin da ya ci shi kaɗai ne, cumtime kuwa ya haɗa da na duk waɗanda ya kira. Fankshin mai babban cumtime da ƙaramin tottime ɗan aike ne kawai, bi sawunsa zuwa ƙasa. Wani lokaci kuma za ka tarar da fankshin mai sauri ƙwarai amma an kira shi sau 50,000 a cikin zagaye, alhali sau ɗaya ya isa. Ka sani cProfile shi kansa yana ƙara nauyi, don haka kason kowane sashe za ka duba, ba yawan daƙiƙun ba.

Kason ne zai nuna maka inda ya cancanci guminka. Gene Amdahl ya yi bayanin wannan tun 1967: sashen da ke cin kashi 5 cikin 100 na lokaci, ko ka shafe shi baki ɗaya, kashi 5 ɗin nan kaɗai ka rage. Kama mai cin kashi 70 tukuna.

Gyara abu ɗaya, ka sake awo a kwamfuta ɗaya da bayanai iri ɗaya, ka rubuta lambar kafin gyara da ta bayansa. Bayanan gwajin su kai girman na gaske, domin kod da ke tashi kamar walƙiya a kan layi 100 yana iya tsayawa cak a kan miliyan. Idan laftof kake amfani da ita, jona ta da wuta kafin ka fara, don da yawansu kan rage ƙarfin furosesa idan suna kan batir.