Babi na 9: Auna Nisan Tsawa da Yatsun Hannu

Darasi na 1

'Yan uwa ɗalibai, idan hadari ya haɗu, walƙiya muke fara gani, sai daga baya mu ji tsawa. Tare suke tashi, amma haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa ƙara, sai ta yi daƙiƙa 3 kafin ta ci kilomita 1. Wannan 3 ɗin ku riƙe ta da kyau.

Ku buɗe tafin hannunku na dama. Ban da babban yatsa, kowane yatsa yana da gaɓa uku. Da babban yatsan za ku riƙa taɓa gaɓoɓin, kamar yadda ake yi wajen tasbihi. Gaɓa ɗaya daƙiƙa ɗaya ce. Yatsa ɗaya cikakke kilomita ɗaya ke nan.

Darasi na 2

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Da ganin walƙiya ake fara ƙirga. Ido ya ga haske, yatsa ya hau gaɓar farko. Kunne ya ji tsawa, yatsa ya tsaya cak. Ku sake karanta wannan da babbar murya: haske ne farawa, tsawa ce tsayawa.

Misali, an yi walƙiya. Kun fara nan take: ɗaya, biyu, uku, ɗan ƙaramin yatsa ya cika. Huɗu, biyar, shida, na kusa da shi ya cika, sai ga tsawa. Yatsu 2, kilomita 2. Madalla! Wanda ya rikice kada ya ji kunya, ya koma kan gaɓar farko, ya jira wata walƙiyar, ya fara da haske.

Kada ku yi gaggawar ƙirga. Ku gwada da agogon waya tun da rana har hannu ya saba da tsawon daƙiƙa.

Amma fa har yanzu akwai masu zama shiru sai tsawa ta faɗi sannan su ce "ɗaya". Haba jama'a! Me kuke aunawa a lokacin? Ƙarar ta riga ta iso. Wannan rashin natsuwa ne, ba wuyar lissafi ba. Da haske ake farawa.

Darasi na 3

Idan ƙirgarku ba ta kai 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 daga inda kuke ba. Ku bar gona, ku shiga ɗaki, kada ku fake a gindin bishiya. Ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin ku fito.

Kada nisa ya ruɗe ku. A shekarar 2025 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da wata walƙiya guda ɗaya mai tsawon kilomita 829. An yi ta a Amurka a watan Oktoban 2017, daga gabashin jihar Texas har kusa da Kansas City, kuma a bayanan tauraron ɗan Adam aka gano ta.

Darasi na 4

Aikin gida: daƙiƙa 9 yatsu nawa ne? Daƙiƙa 12 kilomita nawa ce? Ku rubuta amsa a littafinku, ku zo da ita aji.