Yadda ake zaɓen irin dawa mai iya huda ɓawon ƙasa

Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka bayan shuka, rana kuma ta biyo baya, ƙasa mai laushi da ƙarancin taki takan yi ɓawo a sama. Ƙwayar dawa ta tsira a ciki, amma kuben tsiron, wato rufin da ke lulluɓe da ganyen farko, ya kasa hudawa, sai ganyen ya fashe a ƙarƙashi, ya nannaɗe, ya mutu. Manomi ya ɗora wa irin laifi, alhali lafiyarsa ƙalau.

Dawa ta bambanta wajen wannan ƙarfi, kuma ana gadonsa. Masu bincike na ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sun daɗe suna tace iri ta hanyar haɗa ɓawon da gangan, kuma ana iya yin haka a ƙaramin fili.

A tara iri 20 zuwa 30: kaura, farafara, da ingantattun nau'o'in SAMSORG na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya. A fara naɗe ƙwaya 100 na kowanne a jiƙaƙƙen buhu na kwana biyar. Wanda bai tsira 85 ba a ajiye shi gefe, don tsohon iri zai ɓata lissafi.

Da rani ake gwajin, domin ruwan sama na iya tausasa ɓawon, amma a kauce wa zafin Afrilu: idan ƙasa ta haura digiri 45, zafin kaɗai na kashe tsiro, ba za a gane mai laifi ba. A farfashe ƙasa da manjagara har ta yi gari, a yi fage biyu dab da juna. Kowane iri a shuka ƙwaya 50 a layi, zurfin santimita 5 daidai, a maimaita sau uku a wurare dabam. Zurfin nan shi ne inda aka fi yin sakaci. Ƙwayar da ta kwanta sama-sama za ta fito kafin ɓawon ya ƙeƙashe, ta samu yabon da ba nata ba.

Sai a yayyafa ruwa daga sama yadda ɗigon zai daki ƙasa, wajen lita 35 a kowace murabba'in mita, a bar rana ta busar. Kwana biyu ko uku bayan nan a kankare ɓawon fage ɗaya a hankali, ɗayan a ƙyale shi. A ƙirga tsiro a kwana na bakwai da na goma, a kwatanta fagagen biyu. Irin da ya ba da 45 a kankararre, 40 a mai ɓawo, shi ake nema.

A tono waɗanda suka maƙale a duba. Tsawon farin wuyan da ke tsakanin ƙwaya da kube, da kaurin kuben, su ne abin lura. Girman ƙwaya na taimakawa, amma ba tabbas ba ne.

Waɗanda suka yi nasara a shuka su da damina, a rufe zangarniyarsu da jakar takarda kafin fure don kada iska ta kawo garin furen wata dawa. A sake gwajin rani mai zuwa da 'ya'yansu kafin a fara haɗa su da iri mai yawan amfani.