Yadda ake haɗa bargo da ragowar ƙyallayen atamfa

Kafin almakashi ya taɓa ƙyalle, wanke shi ki goge. Atamfa tana tsukewa a wankin farko, wata kuma tana zuba, ja ya ɓata fari bayan kin sha wahalar ɗinki. Kada ki haɗa leshi ko yadi mai santsi da auduga, domin jansu ba ɗaya ba ne.

Yanka kowane ƙyalle inci 5 tsawo da faɗi, ki bar kwatan inci daga ciki a kowane gefe na bakin ɗinki. Guda 80, takwas a jere har layi goma, suna ba da bargon jariri mai inci 36 da 45. Kwatan incin nan shi ne komai: in ya bambanta, kusurwoyi ba za su haɗu ba. Goge kowane layi kafin ki jona na gaba.

Shimfiɗa yadin baya, sai tsohon bargo mara kauri, sai fuskar. Kafe su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe, in ba haka ba bayan zai tattare. Idan kina ɗinki da keke zare ya cukuikuye a ƙasa, galibi zaren sama ne bai zauna ba. Ɗaga ƙafar keke ki sake zura shi.