Yadda Nake Gane Kwafin Mutum-mutumin Italiya a Tsoffin Gidajen Sarautar Ingila

Duk lokacin da na shiga ɗaya daga cikin tsoffin gidajen nan na Ingila, wuyan mutum-mutumi nake fara dubawa. A ƙarni na 18 'ya'yan attajirai kan je Rum yawon buɗe ido, su dawo da sassaƙe-sassaƙe. Wasu tsoffi ne na gaske da aka tono daga ƙasa, masu gyara irin su Bartolomeo Cavaceppi suka ƙara musu hanci, hannu ko kai. Wasu kuma sababbi ne, kwafin tsoffin, an sassaƙa su da dutsen marmara na garin Karara a Italiya.

To, ka matsa kusa, amma kada ka taɓa, maiƙon hannu yana ɓata dutse. Idan ka ga layin haɗi a wuya ko kafaɗa, launin sassan ya ɗan bambanta, mai yiwuwa tsoho ne da aka gyara. Kwafi kuwa yakan zama fari fat, sumul, sau da yawa ƙarami ne a kan na asali. Duba gindinsa ma, wani masassaƙin yakan rubuta sunansa da shekara.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutum-mutumin Laokoon, wani mutum a tatsuniyar Girka, wanda aka tono a Rum a 1506 ba hannun dama. Masu gyara suka sa masa hannu miƙe sama. A 1906 aka gano hannun asali, a lanƙwashe yake. Saboda haka idan ka ga kwafinsa hannu a miƙe, tsohon gyaran nan aka bi.